Ƙafar da Aka Koya wa Ƙarya

"Umma, ƙafa tana yin ƙarya?"

Safiyar Alhamis ce, ina tsaye ina zuba shayi. 'Yata ce ta yi tambayar. Shekararta biyar, Aku muke kiranta, don duk abin da ya shiga kunnenta ko idonta sai ya fito ta baki. Babanta yana zaune a bakin kujera yana ɗaure igiyar takalmi, zai tafi atisaye.

"Baki ne ke ƙarya," na ce. "Sha shayinki kafin ya huce."

"To me ya sa ƙafar Abba mai lafiya take tsallake tayil bakwai in kin tafi kasuwa, amma in kina aunawa shida take yi?"

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Tsayawa kaɗan ce, wani ba zai lura ba, amma ni shekara bakwai nake kallon hannun nan. Sai ya ɗago yana dariya.

"Ke Aku, yaushe kika iya ƙirga? Jiya fa kika ce min yatsunki sha ɗaya ne."

"Na iya mana! Har kan tayil mai tsagewa kake kaiwa. In Umma tana nan ba ka kaiwa."

"To, malamar lissafi, a yi haƙuri." Ya shafa kanta, ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya ce, "Rafali, sai na dawo," amma bai yarda mun haɗa ido ba.

Bari in koma baya kaɗan don a gane abin da yarinyar nan ta tona.

Mijina ɗan ƙwallo ne, gefen dama yake bugawa. 'Yan kallo Kibiya suke kiransa, kuma ba sunan banza ba ne. Shi ba gwanin yanka ba ne, ba shi da tsawon da zai ci da ka. Gudu ne jarinsa. In aka tura masa ƙwallo bayan 'yan baya, sai dai su bi shi da ido. Wata goma da suka wuce, a wani wasa da ba shi da wani muhimmanci, ya juya da sauri, ƙafar hagu ta kafe a ciyawa, jiki ya tafi ya bar ta. Jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ta tsinke. Daga baya ya ce min ya ji ƙarar a cikin kansa, ɗas, kamar yadda allurar kekena ke karyewa in ta hau kan zif.

Aka yi aiki. Wata biyu yana dogara sanda. Ni ce mai ƙanƙara, ni ce mai bandeji, ni ce mai riƙe dugadugansa yana lanƙwasa gwiwa yana cije leɓe don kada Aku ta ji kukan babba. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, idona ya saba da awo. Na ga cinyar hagu tana zubewa a gabana, har ta gaza 'yar'uwarta da inci biyu da rabi. Gidan ma ya rame tare da ita. Mutumin da ke shigowa da hayaniya yana ɗaga yarinya sama ya koma mai zaman taga. In aka sa ƙwallo a talabijin sai ya tashi ya shige ɗaki.

Likitar ƙungiyarsu wata dattijuwa ce mai gilashi, 'yan wasa suna kiranta Ba-Sabo a bayan idonta. Ita ta kafa masa sharaɗi. Zai tsaya da ƙafa ɗaya, ya yi tsalle gaba iya ƙarfinsa, ya dira a kan wannan ƙafar ba tare da ya yi tangaɗi ba. A auna. Sai a yi da ɗayar. Ranar da mai ciwon ta kai tara cikin goma na mai lafiyar, ranar za ta sa hannu ya koma fili.

"Ba ruwana da abin da bakinka ya faɗa," ta ce masa a gabana. "Ɗan ƙwallo ko ƙafarsa na hannunsa cewa zai yi ya warke. Ƙafar dama ce ma'aunina. Ita ba ta san ƙarya ba."

A gidanmu akwai wani siririn lungu da ya taso daga falo ya nufi kicin, an shimfiɗe shi da tayil, kowane ɗaya inci goma sha biyu cif. Nan ya zama filinmu. Duk Talata da safe sai ya tsaya a bakin falo, ni kuma in durƙusa da tef ɗin awona da allin ɗinki. Shuɗin alli na dama, fari na hagu, a jikin bango daga ƙasa. Daga nan ya sa min suna Rafali. Ina da wani littafi da nake rubuta awon masu kawo ɗinki, a shafinsa na ƙarshe nake rubuta nasa. Kuma ga abin da nake rubutawa: tazarar da ke tsakanin shuɗi da fari. Ita kaɗai. Inci sha takwas. Sha biyar. Sha biyu. Tara. Talatar da ta wuce, shida. Ranar har rawa na taka a kicin.

Bayan ya fita a safiyar nan, na kai Aku makaranta, na dawo na zauna gaban keke. Akwai wandon wani malamin makaranta da zan kalmashe wa ƙafa. Na ɗauko shi, na haɗa ƙafafun biyu don in ga sun daidaita, sai wata tsohuwar magana ta faɗo min.

Matar da ta koya min ɗinki tana da wata magana da take yi mana kullum. Ta ce tela iri biyu ne. In ƙafar wando ɗaya ta gaza, na kirki ya nemo ƙyalle ya ƙara mata. Maha'inci kuwa ya ɗauki almakashi ya rage doguwar. Mai wando zai zo ya haɗa su, ya ga sun yi daidai, ya yi godiya. Sai ya sa a jiki zai gane an cuce shi.

Na ajiye wandon na tafi lungun. Na durƙusa, na kwantar da kumatuna kusa da tayil. Duk mako nakan goge allin da tsumma kafin in yi sabo, amma alli ba ya fita tas, yakan bar inuwa. Ga su nan a jere. Farin, na ƙafar ciwo, ya taho yana ci gaba tun farko, sannan ya zo tayil biyar da rabi ya tsaya. Layi a kan layi a wuri guda, har wurin ya yi kauri. Na ƙirga, mako shida bai motsa ba. Shuɗin kuwa, mafi tsufansa yana daidai tayil mai tsagewa, na bakwai. Daga nan ya fara ja da baya, kaɗan-kaɗan, inci uku-uku, har ya zo na shida.

Ba mai ciwon ce ta kamo mai lafiyar ba. Mai lafiyar ce ta dawo ta tarye ta. Ni kuma da hannuna na auna, na rubuta, na yi rawa.

Gwajin ƙarshe gobe ne, Juma'a. Wasa jibi.

Ya dawo da la'asar da fara'arsa, ya ce koci ya sa shi cikin waɗanda za su zauna a benci ranar Asabar, in dai Ba-Sabo ta sa hannu. Na tura Aku wajen maƙwabciya. Na kama hannunsa na kai shi lungun, na nuna masa bangon da yatsa. 

Ya daɗe yana kallo.

"Ita ma damar ta yi rauni ai," ya ce. "Wata goma ba wasa. Tambayi kowa."

"Rauni a gabana, ƙarfi in na tafi kasuwa?"

"Maganar yarinya za ki ɗauka?"

"To tsaya a nan. Yi min da dama, tsakaninka da Allah. In ba ka kai tsagewar nan ba, na yarda Aku ba ta iya ƙirga ba, ni ma ban iya ba."

Bai tsaya ba. Ya jingina da bango, ya sulale ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafar hagun. Tabon aikin ya fito ƙarƙashin gajeren wando, ja-ja, kamar ɗinkin ɗan koyo.

"Tsohon golanmu ne ya nuna min," ya ce a hankali. "Ya ce kowa haka yake yi. Kada ka rage gaba ɗaya, za ta gane. Kaɗan-kaɗan. Shi ma haka ya yi, ga shi nan yana tsaron raga shekara huɗu."

"Gola a tsaye yake wuni, Baban Aku. Kai gudu kake yi."

"To in yi yaya? Mako shida ina tsalle a wuri ɗaya kamar kwaɗon da aka ɗaure. Ba ciwo nake ji ba, wallahi ba ciwo. In na tashi sama, kafin in dira, sai wani abu ya ce min kama. Ƙafar ta ƙi sakin jiki. Wannan ba a lungun gida ake maganinsa ba. Sai a fili, in jini ya ɗau zafi, in manta da ita."

"In ka manta da ita, ita ta manta da kai?"

"Kin ga wanda suka kawo a madadina? Ƙwallo takwas ya ci. Jiya na shiga ɗakin canza kaya, na tarar da takalmansa a ƙarƙashin ƙugiyar da nake rataye rigata. Ba da mugunta ba, ya ɗauka wurin ba kowa. Koci ya fara ce min 'yaya jiki' maimakon 'ina ka tsaya'. Kin san bambancin? Saura wasa biyar a rufe kaka. In ban nuna musu Kibiya tana nan ba, shekara mai zuwa ko sunana ba za su tuna ba."

"Gara su manta sunanka da in koma riƙe maka dugadugi."

"Ke tela ce. In idonki ya mutu, me ya rage miki?" Ya kamo gefen zanena. "Maman Aku, minti ashirin kawai za a ba ni. Ashirin. In kika faɗa wa matar nan, ba wata ɗaya za ta ƙara min ba. Ba za ta sake yarda da tsallena ba har abada, kuma sai koci ya ji. Da almakashinki za ki yanke min ƙafa."

Na so in ce masa tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Maganar tana bakina. Amma idonsa ya ciko, kuma wata goma rabona da in ga yana son wani abu haka. Zan faɗi gaskiya, tunda don ita na zauna rubutun nan: ni ma na gaji. Ina son mutumin da ke shigowa da hayaniya ya dawo. Na ce a raina, bari in ga goben. Wataƙila likitar ta gano da kanta, ta ɗauke min.

Washegari na bi shi, kamar yadda na saba duk ranar gwaji. Ɗakin motsa jikinsu dogo ne, yana warin roba da man zafi, an manna tef mai lambobi a ƙasa. Tsohon golan yana can gefe a kan keken motsa jiki, ya ɗaga mana hannu.

"Madam ta zo da kanta! Kibiya, yau in ka faɗi, gida ma ba abinci."

Ban yi dariya ba.

"Dama tukuna," in ji Ba-Sabo.

Ya tsaya, ya lanƙwasa, ya kaɗa hannuwa, ya tashi. Da ban sani ba da na rantse iya ƙarfinsa ke nan. Har nishi ya yi, har ɗan ɓata fuska. Ya ƙware. Sau uku, duk wuri ɗaya. Sannan hagu. Na ga yatsun ƙafarsa suna damƙar ƙasa kafin ya tashi, na ga yadda ya dira da gwiwa a sandare, kamar mai sauka daga mota tana tafiya. Amma bai yi tangaɗi ba.

Likitar ta danna lissafi a wayarta. "Casa'in da biyu cikin ɗari." Ta cire gilashi ta goge, ta dubi takardar, ta ɗan yi jim. "Damar ta sauka fiye da yadda nake so. Amma takan yi haka in an daɗe a zaune."

Sai ta juyo gare ni.

"Tela, ke ce mai awon gida. Naki ya yi daidai da nawa?"

Keken golan ya daina ƙara. Mijina ya sunkuya yana gyaran safa wadda ba abin da ya same ta.  Tambaya ce mai sauƙi, kuma amsarta ta gaskiya tana nan: abin da ta auna shi na auna ranar Talata, inci shida tsakani.

"Ya yi daidai, Likita," na ce.

Ban yi ƙarya ba. Haka na dinga faɗa wa kaina a mota muna komawa, yana tuƙi yana bin waƙar rediyo. Ban yi ƙarya ba. Na dai haɗa mata ƙafafun wandon ta ga sun daidaita.

Ranar Asabar da safe na zauna ɗinki. Na soke yatsana da allura sau biyu, na rufe keken. Wasan na ƙarfe huɗu ne. Na sa wa Aku rigar ƙungiyar wadda na rage mata daga tsohuwar ta babanta, muka hau can sama inda iyalan 'yan wasa ke zama. Daga nan ina hango bencin, ina hango ƙeyarsa, ina hango farin gilashin likitar a ƙarshen layi.

Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Aka dawo. Wajen minti na sittin na ga koci ya waiwaya ya yi nuni da hannu. Mijina ya miƙe ya fara ɗumama jiki a gefen fili, 'yan kallon ɓangaren suka tashi da ihu.

A nan ne ƙarfin halina na ƙarya ya ƙare. Na ciro waya na kira likitar. Tana shiga, ba a ɗauka. Ina kallonta daga sama, hannunta a harɗe, wayar tana cikin jaka a ƙarƙashin benci. Na sake kira. Na sake. Na ɗauki Aku na saɓa a kafaɗa, na fara sauka, ina ture gwiwoyin mutane, ana ce min, "Baiwar Allah, a hankali mana." A ƙasan matakala akwai ƙofar ƙarfe da mai gadi.

"Don Allah, Malam, likita nake son gani. Ni matar Kibiya ce."

"Ko matar koci ce ke, Hajiya, ba kati ba shiga. Ki bari a tashi."

"Magana ɗaya ce. Kai ka je ka faɗa mata. Ka ce tela ta ce awon bai yi daidai ba."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Awon me? Riga za ki ɗinka mata ana tsakiyar wasa?"

Kafin in sake buɗe baki, aka ɗaga allon canji. Filin ya ɗauka gaba ɗaya: Kibiya! Kibiya! Ya taɓa ciyawa da hannu, ya shafa a fuska, ya ruga ciki. Na tsaya riƙe da ƙarfen ƙofar, Aku a kafaɗata tana tafi.

Minti uku da shigarsa aka tura masa ƙwallo bayan ɗan baya. Ya tafi. Wallahi ya tafi. Ɗan bayan ya kai hannu zai kamo rigarsa, iska ya kamo. Ya kai layi, ya bugo ta tsakiya, aka sa kai, ta daki turke ta fita. Mutanen da ke bayana suna dukan kujeru. Wani dattijo yana cewa, "Ai gudu a jini yake! Wa ya ce ya ƙare?" Mai gadin ma ya waiwayo ya yi min murmushi.

Su gudun suka gani. Ni ɗinkin nake kallo. Takunsa ba daidai ba ne, ɗaya dogo, ɗaya gajere, kamar keken da ke tsallake zare. In zai tsaya, da dama yake taka birki. In zai juya hagu, inda ya kamata hagun ta kafe ta ɗauki nauyi, sai ya ƙara ɗan taku ya ɗora wa dama. Hagun tana taɓa ƙasa ne kawai ta ɗauke, kamar mai taka rairayi da tsakar rana. Bai manta da ita ba. Jikinsa duka yana kewaye da ita yana gadinta, kuma ƙafa ɗaya ce ke yin aikin biyu, ƙafar da ta yi mako shida ana hana ta nuna ƙarfinta, ana koya mata ja da baya.

Na daina addu'ar a ci. Agogon filin kawai nake kallo. Saba'in da biyar. Tamanin. Ina cewa, ya Allah, goma ta rage. Ya Allah, takwas. Idona a kan gwiwar hagu, a kan baƙin bandejin da na naɗa masa da hannuna da safe.

A minti na tamanin da huɗu gola ya bugo wata doguwa ta sama. Ya ruga, ya tashi zai tare da ƙirji. Ba kowa kusa da shi, ko inuwar mutum babu. Na ga ya naɗe hagun a sama, ya ɓoye ta kamar yadda kaza ke ɓoye ƙafa cikin sanyi. Ya sauko da dukan nauyinsa, a karkace, a kan dama ita kaɗai.

Gwiwar ta shige ciki.

Bai yi birgima ba. Masu neman a busa musu ne ke birgima. Ya kwanta a gefe ɗaya, ya ɗaga hannu sama, filin ya yi tsit har ina jin kukan wani jariri can nesa. Likitar ta ruga da jakarta, ta durƙusa, ta kama gwiwar hagu. Na ga ya girgiza kai. Ya nuna mata ɗayar.

"Umma," in ji Aku a kunnena, "ba wannan ce mai ciwon ba. Anti Likita ta yi kuskure ne?"

Ranar Litinin aka ɗauki hoton gwiwar. Jijiya iri ɗaya, tsinkewa iri ɗaya. Muna zaune a ofishin Ba-Sabo, shi a keken marasa lafiya yana kallon ƙasa, sai na faɗa mata komai: allin, tayil mai tsagewa, tambayar Aku, amsar da na ba ta ranar Juma'a. Na zaci za ta yi faɗa. Da ta yi da na ji sauƙi. Cire gilashin kawai ta yi ta ajiye a kan tebur.

"Shekara ashirin ina wannan aiki," ta ce. "Na san suna ɓoye min ciwo. Ban taɓa kawowa za a ɓoye min lafiya ba. Ni ma na ga ta sauka, na ba kaina amsa mai daɗi." Ta dube shi. "Ɗana, ita hagun wata biyu kawai take nema, da ka ba ta. To yanzu faɗa min. In an yi aikin nan, ka tashi, ka fara tsalle, da wace ƙafa zan auna?"



Yau mako bakwai da aiki na biyu. Sandunan sun dawo daga bayan ƙofa inda na ɓoye su. Ni ce mai ƙanƙara, ni ce mai riƙe dugadugi. Hagun ce yanzu ke ɗaukar nauyinsa zuwa banɗaki, ita da ba ta gama warkewa ba, kuma duk takun da ya yi a lungun nan sai na ɗauke numfashi har ya kai. Ko zai sake gudu, likitar ta ce ba ta sani ba, kuma na gode mata da ba ta rage min maganar don ta yi daidai da abin da nake son ji ba. Bai taɓa cewa laifina ne ba. Ni ma ban ce nasa ne ba. Sunan Rafali dai ya daina kirana da shi, don ya san na ga laifi a gabana, usur yana bakina, ban busa ba.

Ban goge bangon ba. Aku ta tambaye ni ko za mu sake wasan alli, na ce za mu sake, amma wannan karon ita ce mai ƙirga, kuma duk abin da ta gani ta faɗa da ƙarfi, ko a gaban wa.

Ke da kike karanta wannan, in kina da mai jinya a gida, miji ne, ƙane ne ko ɗa, kuma an ba ki awo ki riƙe, ki ji ni da kyau. Kada ki rubuta tazara ita kaɗai, ki rubuta inda kowace ƙafa ta dira. Kada ki zuba wa mai ciwon ido har ki manta da mai lafiyar, don a wurinta ake ɓoye ƙaryar, kuma ita ce za ta biya. In likita ta juyo ta tambaye ki, kada ki tsaya neman amsar da ba ƙarya ba ce, ki faɗi abin da kika sani tun kuna cikin ɗaki. Zai yi fushi, ya yi ta yi, fushi ba ya sa mutum dogara sanda. In kika bari sai an ɗaga allon canji, akwai ƙofar ƙarfe tsakaninki da shi, kuma mai gadin ba zai buɗe miki ba.